Sabulun Manaja

A layinsu kowa Manaja yake ce masa, kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani kamfanin sabulu kafin ya yi ritaya, wannan kam gaskiya ne. Abin da ba ya ƙarasa faɗa shi ne duk shekarun nan a bakin get ya yi su, yana ɗaga ƙarfe mota ta shiga, ya sauke ƙarfe mota ta wuce. Sabulu ya gan shi iya gani, amma a cikin kwali, kwalin kuma a bayan mota. Matarsa ta san haka, shi ma ya sani. Sai dai mutum in ya daɗe yana amsa Manaja, wata rana sai ya fara tuna wani ofis mai fanka da bai taɓa zama a ciki ba.

Abin ya faro ne a shagon mai aski, inda Manaja yake yini a kan benci ko da ba aski ya kawo shi ba. Mai aski ya gama da kan wani, ya tsaya yana ta murza wani guntun sabulu da ya ƙi yin kumfa.

"Wannan ai ba sabulu ba ne," in ji Manaja. "Alli ne aka shafa wa turare. Mu a zamaninmu da an kawo min irin wannan, a take zan mayar da shi."

"Ka mayar da shi ina?" in ji mai aski, bai ko juyo ba.

"Inda ya fito. Kai sabulu ka san shi a hannu ne kawai, ni na san shi tun yana mai. Iri biyu ne. Akwai na sanyi, wanda za ka haɗa ka ajiye wata guda kana jira kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Akwai na dafawa, yau ka dafa, gobe ka shiga wanka da abinka. Ni na dafawa nake yi."

Wannan bayanin wani direban kamfani ne ya taɓa yi masa wata rana da suke jiran a kawo makulli, kuma iya abin da ya sani ke nan.

"Kake yi?" Mai aski ya yarfe hannu. "Ni tun da na san ka, abin da na taɓa ganin ka haɗa shayi ne, shi ma sukari ya yi yawa."

Aka yi dariya. Da a nan maganar ta mutu, da kowa ya huta. Amma a ƙarshen benci akwai mai wanki, wanda yake da rumfar wanki da guga a ƙarshen layi, mutum mai sanyin hali da duk abin da aka faɗa masa yake ɗauka. Ya matso ya ce, "Manaja, in har za ka yi, ka tuna da ni. Wanda nake samu yanzu sai na goga sau goma kafin wuyan riga ya fita."

Manaja ya dubi idon mutumin, ya ga babu zolaya a ciki ko kaɗan. Rabon da wani ya dube shi haka har ya manta. Kafin ya ankara bakinsa ya riga ya ce, "Asabar da safe, a tsakar gidanmu. Duk mai son ganin yadda ake aiki ya zo."

Washegari ya tafi shagon da ake sayar da kayan haɗa sabulu. Wata matashiya ce a kan kanta. Ta zuba masa soda a leda, fara ƙal kamar gishiri, ta cika masa jarka da mai, sannan ta yago takarda ta fara rubutu tana karantawa.

"Baba, kar ka sa a tukunyar alminiyam. Sodar ake zubawa a cikin ruwa, kar ka zuba ruwa a kan soda. Ka auna komai da sikeli, kar ka yi da ido. Ka sa safar hannu, ka kare idonka."

"'Yata," in ji Manaja, "lokacin da na fara aikin sabulu ko haihuwarki ba a yi ba."

"To Allah ya ba da sa'a, Baba. Amma dai ka riƙe takardar."

Ya riƙe ta kuwa. A hanya ya ga murfin jarkar yana yoyo, sai ya nannaɗe takardar ya toshe bakin da ita, yana yaba wa kansa dabara.

Gidan haya suke, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Mai gidan wata tsohuwa ce da kowa yake kira Iya, wadda ba ta da abin alfahari kamar daɓen tsakar gidanta da ta sa aka shafe da jan fenti. Ranar Asabar tun da hantsi Manaja ya fito da risho, ya jera benci biyu, ya shiga kicin yana ɗaga murafen tukwane.

"Malam, me kake nema?" in ji matarsa.

"Babbar tukunyar nan."

"Ita ce dai ba za ka taɓa ba. Tun kafin a haifi babbar 'yarmu nake girki da ita."

"Sabulu zan dafa, ba guba ba. Wanke miki ita ma zai yi."

"Malam, ni fa na san kamfanin nan, ni nake kai maka abinci a bakin..."

"Ki tafi cefanenki," ya tari numfashinta da sauri, yana leƙen ƙofa ko wani ya ji.

Tana fita ya sungumi tukunyar. Ta alminiyam ce, mai faɗi, an taɓa like mata gindi sau ɗaya. Ya ɗan tuna kamar yarinyar shago ta ambaci alminiyam, amma ya kasa tuna ko cewa ta yi a sa ko kar a sa. Ya yanke hukunci cewa tunda ta ambata, to mai kyau ce.

Mutane suka taru. Mai aski ya rufe shago ya zo ya zauna a gaba ya harɗe ƙafa. Mai wanki ya tsaya daga gefe, hannu a baya, kamar ɗalibi. Iya ta jawo kujerarta bakin ƙofa. Manaja ya fito sanye da baƙin tabarau na rana, ya ɗaure leda a kowane hannu.

"Ina sikelin?" in ji mai aski.

"Sikeli na 'yan koyo ne. Idona ya fi sikeli."

Ya juye sodar a tukunya da gwangwanin madara, ɗaya, biyu, uku, ya ƙara na huɗu don albarka. Sannan ya ɗauki buta ya kwarara ruwa a kai.

Tukunyar ta yi wani huci kamar an taka wutsiyar kyanwa. Tururi ya tashi fari, mai shiga hanci ya sauka a maƙogwaro. Benci na gaba ya watse da tari. Ruwan ya fara tafasa alhali ba a ko kunna risho ba, cikin tukunyar ya koma baƙi ƙirin, ƙananan kumfa suna ta tasowa daga jikin ƙarfen.

"Kar kowa ya tsorata," in ji Manaja daga inda ya tsinci kansa, wato bayan tankin ruwa. "Wannan shi muke kira tashin farko."

"Akwai na biyu ke nan," in ji mai aski. "A faɗa mana da wuri mu yi sallama da iyali."

Sai ga wani siririn ruwa ya ɓullo daga gindin tukunyar, daidai wurin likin. Ya gangara a hankali, ya ratsa tsakar gida kamar ya san hanya, ya nufi ƙofar Iya. Duk inda ya bi, jan fentin sai ya kumbura ya tashi kamar ɓawon albasa. Iya ta ɗaga ƙafafunta sama, ta bi layin da ido tun daga ƙofarta har tukunyar, sannan ta ɗago ta dubi Manaja. Da ta yi zagi da ya fi masa sauƙi.

A daidai nan matarsa ta dawo da ledar cefane. Bayan an sheƙa wa tukunyar ruwa, ta ɗaga ta sama, ta leƙa ta ramin gindin, ta hango mijinta ta ciki.

"Ta wanku," ta ce. "Har ta wuce."

Nan ya kamata ya tsaya, shi da kansa yana faɗar haka yanzu in yana ba da labarin. Amma mai wanki ya riga ya ruga rumfarsa, sai ga shi ya dawo rungume da tukunyar silba, wadda ba ta alminiyam ba ce, da yake dafa sitaci a ciki.

"Laifin tukunya ne, Manaja. Gwada wannan."

Ta yaya mutum zai ce wa irin wannan a'a? Manaja ya faki ido ya zaro takardar daga bakin jarka, ya juya baya ya warware ta. Mai ya jiƙe ta sharkaf, tawada ta narke. Abin da ya rage ana iya karantawa shi ne "kar ka" a wuri uku, duk abin da ya biyo baya ya shafe. Ya tsaya yana kallon gargaɗi uku da bai san na mene ne ba, sannan ya cusa takardar a aljihu.

Wannan karon tsoro ya sa ya fara zuba ruwa, ya bi da sodar kaɗan-kaɗan daga nesa, kuma Allah ya taimake shi abin ya zauna lafiya. Ya juye mai, ya kunna risho, ya kama juyawa da muciya. Ya juya, ya juya. Rana ta ɗago. Gumi ya cika ledar hannunsa har yana jin yatsunsa suna iyo. Abin cikin tukunya yana nan tsululu, mai a sama, ruwa a ƙasa, kowa ya kama gabansa.

"Sun ƙi gaisawa," in ji mai aski.

"Soda ce ta yi kaɗan. Kamfani ba ya rowar soda."

Ya jiƙa sauran sodar gaba ɗaya ya antaya. Cikin ɗan lokaci kuwa haɗin ya yi kauri kamar fenti, muciya tana barin sawu in ta wuce. Mai wanki ya yi murmushi har kunne. Manaja ya ji wuyansa ya ƙara tsawo. Ya ƙara wutar risho, ya jingine muciya, ya juya wa tukunyar baya, ya fuskanci jama'a.

"Abin da mutane ba su gane ba," ya fara, "shi sabulu yana da rai. Sai ka san halinsa. Ni ko daga ƙofa na ji warinsa, na san ko ya nuna ko da saura. Akwai ranar da wani babban injiniya ya zo daga ƙasar waje, ya rasa gane..."

Ya lura idanun mutane ba a kansa suke ba, a bayansa suke. Ya ɗauka labarin ne ya tafi da su.

"Manaja," in ji mai aski a natse, "kamfaninka yana fitowa."

Ya waiga. Sabulun ya kumbura ya wuce bakin tukunya da kusan taƙi guda, yana numfashi, yana ƙara hawa kamar mai neman leƙa katanga. Manaja ya kai hannu ga muciya, muciya ta riga ta nutse. Abin ya karye ta gefe, ya zubo a kan risho, wuta ta mutu da wani tsaki. Ya malalo ƙasa. Manaja ya ja da baya, silifas ɗinsa ya taka santsi, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Ya kai hannu sama ya cafki abin da ya samu, ashe igiyar shanya ce. Igiya ta tsinke, zannuwan Iya guda huɗu suka sauko suka lulluɓe shi.

Daga ƙarƙashin zani aka ji muryarsa: "Wannan shi ne tashi na biyu."

Iya ta tashi ta kwashe zannuwanta ɗaya bayan ɗaya daga kansa, ta kakkaɓe, ta ce wa matarsa, "'Yar nan, haƙurinki ya fi nawa."

Ya kwashe abin da ya zube da faranti ya mayar tukunya, har da 'yar ƙasa da guntun fenti da maƙalin shanya guda ɗaya da ba a sake gani ba. Ya sake kunna wuta, ƙasa-ƙasa yanzu, ya ci gaba da juyawa ba ya ko ƙifta ido. Haɗin ya dagargaje, ya sake haɗewa, a ƙarshe ya yi sheƙi kamar man shafawa. Ko shi ya yi mamaki, domin abin ya fara kama da wani abu.

"Yaya ake gane ya nuna?" mai wanki ya tambaya.

Da ya ce da ido ake ganewa, da an wuce wurin. Amma ya tuna direban nan ya ce masana da harshe suke ɗanɗanawa, in bai yi cizo ba ya nuna. Ya lakato da cokali, ya hura, ya zaro harshe gaban kowa ya ɗora.

Ya taɓa kama wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu, ya taɓa shan harbin rina a leɓe. Wannan ya haɗa biyun. Hawaye ya cika bayan tabarau. Yatsun ƙafarsa suka dunƙule a cikin silifas. Ya tsaya ƙiƙam, yana jin harshensa yana girma a cikin baki.

"Yaya?" in ji mai aski.

Manaja ya ɗaga babban yatsa.

"Da baki muke son ji."

"Ya nuna," in ji Manaja, sai dai abin da ya fito ya fi kama da kukan ɗan maraƙi. Ya shige banɗaki da sauri wai zai wanke hannu, ya kafa baki a famfo, ya daɗe a can.

Da ya fito sai ya ɗauko kwalbar turaren matarsa ya juye a tukunyar tana kan zafinta. Ƙamshin ya tashi gaba ɗaya a lokaci guda, ya cika gidan, ya fita layi, ya tafi abinsa, bai bar ko kaɗan a sabulun ba. Sannan aka zo maganar inda za a zuba ya daskare, abin da bai yi tunaninsa ba sam. Ya shiga ɗaki, ya zaro durowar madubin matarsa, ya zazzage sarƙoƙi da mataji a kan gado, ya fito da ita ya ɗura sabulun a ciki ya danne da bayan cokali.

"Malam," in ji matarsa bayan an watse, "buɗe bakinka in gani."

Ya ƙi.

"Abin da ya yi wa harshenka haka, shi za ka ba mutane su goga a jiki?"

"Tafi ne," ya ce, yana nufin zafi, domin harshen ya daina kama wasu haruffa. "Da tafe ya hute."

Da safe sabulun ya daskare, amma ya kama durowar ya riƙe gam. Ya kife ta, ya bubbuga, ya roƙa, ya zaga. A ƙarshe sai da guduma ta fasa gindin durowar. Abin da ya fito wani dunƙule ne ruwan ƙasa, mai tabo-tabo, kamar bulon da ruwa ya daka. Ya yayyanka shi da wuƙa, ya zana harafin farko na Manaja a kan kowane da ƙusa, ya jera a tire, ya fita rabo. Ya ba Iya ɗaya. Ya ba mai aski ɗaya, shi kuwa ya karɓa da yatsu biyu ya ce zai tokare ƙofa da shi. Mai wanki ya ba shi manya guda uku, mutumin ya karɓa hannu bibbiyu yana ta godiya. Sauran ya ajiye, ya ce sai an yi layi.

Wajen azahar ya ce bari shi ma ya more aikinsa. Ya shiga banɗaki da bokiti yana 'yar waƙa ta hanci. Kumfa kam ya yi kumfa, har ya so a ce mai aski yana nan ya gani. Ya goga a kai, ya goga a wuya, ya bi hammata da bayan gwiwa da duk inda hannu yake kaiwa. Sai ya ji kamar tururuwa ɗaya tana yawo a bayansa. Sai ta kira 'yan'uwanta. Kafin ya kai hannu ga kofi, jikinsa gaba ɗaya kamar an yi masa wanka da barkono.

Ya juye bokitin a kansa. Bai isa ba. Ya murɗa famfo, famfo ya yi tari ya yi shiru, an ɗauke ruwa.

"Luwa," ya yi kira. "Kawo luwa."

Matarsa ta ɗebo daga tanki ta miƙa ta saman ƙofa. Ya juye. Ta miƙo na biyu. Tana miƙo na uku ta ce, ba tare da dariya ba, "Malam, kai minti biyar ka yi da shi. Mai wanki tun safe hannunsa yake cikin baho."

Ruwan yana zuba a kansa, amma sai ya ji wani sanyi daban ya ratsa shi. Ya zura riga a bai-bai, ya ja wando, ya fito yana tafiya hannuwa a buɗe, ƙafafu a ware, don kar fata ta taɓa fata.

Duk da haka, a ƙofar Iya sai da ya gwada rufa wa kansa asiri. Ya ce mata akwai ɗan gyara da za a yi wa sabulun, irin wanda manyan kamfanoni suke yi.

"Ga shi can a kan taga," in ji Iya. "Ban taɓa shi ba. Na ga abin da yayansa ya yi wa daɓena."

Ya wuce shagon mai aski. Mutum uku suna jira a benci, shi kuwa mai aski yana zaune a kujerar aski, ya naɗe haɓarsa da jiƙaƙƙen tawul.

"Ina tabulun?" in ji Manaja.

Mai aski ya kawar da kai. Ɗaya daga cikin masu jira ya ce, "Ai cewa ya yi bari ya gwada a gemunsa, wai don ya samu abin faɗa maka."

Mai aski ya sauke tawul. Haɓarsa ta yi jawur kamar tumatir, tana sheƙi.

"Na samu kuwa," ya ce. "Kumfan ne ya yaudare ni. Ina za ka haka kamar kaza ta sha ruwan sama?"

"Mai wanti."

Mai aski ya miƙe tsaye, zolayar ta bar fuskarsa. Suka fita tare, masu jiran aski suka biyo su, masu shaguna suka leƙo suka bi sahu, domin ba kullum ake ganin Manaja yana gudu kamar mai ɗauke da tulu biyu a hammata ba.

Mai wanki yana durƙushe a gaban baho, ya ci rabin sabulu na biyu. A kan igiya akwai wata shuɗiyar riga da ta koma launin toka a wurare, da wata rigar sanyi ta ulu da ta saki jiki ta yi tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Manaja, ƙarfi gare shi. Datti ba ya ko gardama. Yana ɗan cizo dai, amma na ce ai haka na kamfani yake."

Manaja ya kama hannuwansa ya fizgo su daga ruwan. Sun yi ja har wuyan hannu, fatar ta yi sulɓi, kan yatsun ya tsattsage, wasu suna tsattsafo jini. Ya ja shi zuwa duron ruwa mai kyau ya tsoma hannuwan, ya riƙe su a ciki, yana ɗebowa yana zubawa. Mutane sun kewaye su. Babu mai dariya yanzu.

"Ba na kamfani ba ne," in ji Manaja. Harshen yana masa nauyi, amma ya lallaɓa kowace kalma har ta fito. "Ban taɓa haɗa tabulu ba. Ni a get nake. Maigadi ne ni. Ƙarfe nake ɗagawa."

Ya sunkuyar da kai yana jiran layin ya fashe da dariya. Sai mai aski ya ce, "To wannan kuma wa kake ba labari? Mijin ƙanwata direba ne a can, shekara tara kana ɗaga masa ƙarfe."

Manaja ya ɗago ya dubi fuskoki. Mai shagon kayan miya ta kawar da kai tana danne dariya. Mai gyaran keke yana kallon sama.

"Duk kun tani?"

"Har Iya."

"To don me kuke te min Manaja?"

"Ya fi Maigadi daɗin kira," in ji mai aski. "Kuma kai ne ba ka taɓa hanawa ba."

"Ni ban sani ba," in ji mai wanki a hankali, hannuwansa suna cikin duro.

Wannan ita ce maganar da ta fi sabulun cizo. Manaja ya ci gaba da zuba ruwa.

Shi ya raka shi wurin mai magani. Aka wanke hannuwan, aka shafa magani, aka naɗe su da bandeji har suka koma kamar na ɗan dambe, aka ce mako guda kar ya taɓa ruwa. Da suka dawo rumfa, mai wanki ya tsaya yana kallon ƙullin kayan mutane da aka tara, sun kai ƙugu, kowane da ranar da aka yi alkawarin bayarwa. Matar Manaja tana nan tsaye, ta kwashe sauran sabulun a leda ta ƙulle. Ta dubi tarin kayan, ta dubi mijinta.

"Kar ka damu," ta ce wa mai wanki. "Ga ma'aikaci na kawo maka. Ritaya ya yi, ba shi da abin yi."

Haka aka wayi gari Manaja yana durƙushe a gaban baho a bakin layi, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Masu rigunan da suka lalace shi ya je ya ba su haƙuri da bakinsa. Mai wanki yana zaune a kan kujera, hannuwa a cinya, yana nuna masa da haɓa: wannan a jiƙa tukuna, wancan kar a murɗe, farare daban. Duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya ce, "Manaja, ya ofis?" Shi kuwa ya ce, "Ofis da godiya." Mai aski ya kwaso tawul ɗin shagonsa kaf, har da waɗanda ba su yi datti ba, ya zube masa ya ce ana so da wuri.

Rana ta farko bayansa ya riƙe. Rana ta biyu ya koyi cewa wuyan riga ba da ƙarfi ake fitar da shi ba. Ya yi kwana uku bai yi wa kowa bayanin komai ba, matarsa har ta fara tambayarsa ko lafiya.

Ranar ta huɗu harshen ya saɓe, haruffa suka dawo. Ya gama shanya, ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya dubi layin fararen riguna suna kaɗawa, ya ji daɗi ya kama shi. Idonsa ya sauka a kan tebur, inda busassun kaya suke jiran guga, dutsen guga yana zaune a gefe.

"Ka san wani abu?" ya ce wa mai wanki. "Ita guga ba wani abu ba ce, sanin zafi ne kawai. Ni da kake gani, kakina na aiki shekara ashirin da biyu, karin wandona har yanka yake yi. Kawo in rage maka waɗannan."

Mai wanki ya tashi a hankali, ya je tebur, ya sunkuya ya rungumi dutsen gugar da gwiwoyin hannunsa, ya shige ɗan ɗakin da ke bayan rumfa da shi, ya tura ƙofa da ƙafa.